Nonon da Ɗiyata Ta Sha a Tebaram

Ni 'yar ƙasar Maraɗi ce, a gidan Kirista aka haife ni. Gidanmu da majami'a katanga ɗaya ce ta raba su. In ana koyon waƙa da maraice daga madafa muke ji, mahaifiyata tana tuƙin tuwo tana amsa musu. Idan mace ta kwana da ciwon kai, kafin azahar matan zumunta sun cika mata ɗaki, wannan da kunu, wannan da addu'a. Cikin wannan na girma, ban taɓa tunanin akwai ranar da zan buɗe baki in yi waƙa babu mai amsa mini ba.

Mijina ɗan majami'armu ne, ya yi karatun lafiyar dabbobi. Bayan aurenmu gwamnati ta tura shi Tawa. Zaman can bai yi mini nauyi ba, don akwai 'yar majami'a ta ƙasa a gefen gari. Ba mu da yawa: ma'aikata daga kudu, wasu sojoji, matan Togo masu sayar da atamfa, sai wani tsohon fasto Bagobiri da kowa ke kira Baba. Ina da cikin fari aka sake ɗaga mijina zuwa Tebaram.

Muka je yi wa Baba Fasto sallama. Ya dube mu ya ce, "Can fa babu majami'a. Ku biyu ne majami'ar. In an sauka lafiya kun zama uku."

Na yi dariya. Yarinya ce ni a lokacin, kaina cike da abin da zan je in yi wa mutanen ƙauye. Na yi lakwal, wato makarantar boko, na iya ɗinki, na san yadda ake wanke gyambo a ɗaure. A ganina ni ce mai zuwa da abin bayarwa.

Gidan da aka ba mu ɗaki biyu ne na ƙasa da 'yar rumfa, kusa da shingen da ake yi wa shanu allura. Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce Ba'adara, mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza sun tafi biɗa kurmi, wato neman kuɗi can kudu. Ita ce ungozomar unguwar. Ina kiranta Inna, ita kuwa ba ta taɓa kirana da komai ba sai "matar likitan bisashe". Ranar da muka sauka ta leƙo ta kan darni, ta dubi cikina ta ce, "Wagga mace ta." Haka kuwa aka yi, kuma a hannunta ɗiyata ta faɗo.

Mutanen garin sun san mu Kirista ne, ba wanda ya tsangwame mu. Suna dai mamakin Bahaushe da Hausa a bakinsa amma ba ya salla. Ranar Lahadi mukan shimfiɗa tabarma ƙarƙashin rumfa, mijina ya yi karatu, mu yi 'yan waƙoƙi, ya rufe da addu'a. Ni tawa amin ce kawai.

Daminar shekarar ce ta ƙi. Zamanin mulkin soja ne, kuma manya ba su gama mantawa da farin baya ba, wanda ya cinye musu shanu. Ruwa ya sauka aka yi shuka, hatsi ya tsiro ya kai tsawon tafin hannu, daga nan sama ta bushe. Da la'asar hadari yakan taso gabas, mutane su fito su tsaya suna kallo, iska ta kwashe shi. Aka sake shuka, ita ma ta ƙone. Da kaka ta zo ba wanda ya ɗaure dami. Maza suka fara barin gari. Daga arewa kuma Buzaye da Fulani suka yi ta gangarowa da abin da ya rage musu, ga shi an rufe iyakar Najeriya, babu inda za su kai dabbobin. Suka kafa 'yan bukkokin tabarma a bayan gari kusa da rijiya. Saniya takan kwanta bakin kwamin ruwa ta kasa tashi, maza su taru su ɗaga ta da sanduna, gobe ta sake kwanciya. Warin mushe ya zama abin da muke shaƙa safe da maraice. Mijina yakan dawo ya zauna da jakar alluransa a gefe.

Sai umarni ya zo daga Tawa, za a tura ma'aikatan dabbobi arewa su sayi shanun da suka raunana, a yanka, a busar da naman a raba wa mutane. A wancan zamani in umarni ya zo ba a cewa sai gobe. Ɗiyarmu ko zama ba ta fara ba. Ya ɗora ta a kafaɗa ya yi mana addu'a a tsaye, mota tana jiransa a ƙofa.

"Ba zan daɗe ba," ya ce mini. "Akwai sauran hatsi a buhu. Inna, ga amana nan na bar miki."

"Tahi, ɗana," in ji Inna. "Allah shi kai ka, shi maido ka."

Bai jima da tafiya ba nonona na dama ya kumbura ya yi ja, masassara ta kwantar da ni. Inna ta yi ta gasa mini da ruwan zafi, malamin asibitin garin ya ba ni ƙwayoyi. Ciwon ya sauka, amma da na tashi nono ya tafi, duka biyun. Na sha kunun kanwa har ya gundure ni, na sha jiƙon da Inna ta haɗa. Yarinya ta kama ta ja, ta ja, ta saki ta tsala kuka. Na karɓo madarar gari irin ta rabon agaji, na tafasa ruwa na dama mata, cikinta bai karɓa ba, zawo ya kama ta. Akuyar tatsa kuwa babu ita a garin, duk hantsarsu ta shanye. Idanun yarinyar suka faɗa, maɗigarta ta lotsa, kukan ma ya koma kamar na ɗan kyanwa.

Addu'a kam na yi ta. Abu ɗaya nake roƙo, Ubangiji ya maido mini da nonona. Na roƙa a durƙushe, na roƙa ina daka, na roƙa da duk kalmomin da na ji matan zumunta suna roƙo da su a gida. Kowace safiya in matsa in duba, babu ko ɗigo.

Wata rana da hantsi ina zaune ƙarƙashin rumfa da yarinyar a cinyata, sai ga Inna ta shigo, wata mace tana bin bayanta. Buzuwa ce doguwa, ramammiya, lulluɓe da baƙin mayafi da ya koɗe. Ba ta girme ni da yawa ba. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne gaban rigarta a jiƙe.

"Wagga baiwar Allah daga bakin rijiya take," in ji Inna. "Ɗanta ya rasu bisa hanya, ba a daɗe ba. Bisashensu sun ƙare, mijinta ya yi kudu da raƙuman da sunka rage. Nono na damunta, ke kuma ɗiyarki na mutuwa. Miƙo ta nan."

Na ƙanƙame yarinyar. Na ce, "Inna, ban san ta ba."

"Ita ma ba ta san ki ba, ga ta ta zo."

"Ina addu'a, Inna. Nawa zai dawo."

"Ci gaba da addu'arki, ba mai hana ki. Miƙo ta."

Ba ta jira ni ba, ta sunkuya ta zare ta daga hannuna. Buzuwar ta zauna a ƙasa, ba ta hau tabarma ba. Ta karɓi ɗiyata ta daɗe tana kallonta. Yarinyar ba ta da ƙarfin kamawa, sai ta matsa nonon ta ɗiga mata a leɓe, ta jira, ta ƙara. Na ga ɗan harshen ya motsa. Can sai ta kama. Tsakar gidan ya yi tsit har ina jin haɗiyarta. Matar ta juya fuskarta ga bango, kafaɗunta suna rawa, amma ba ta yi sauti ba. Ni ma hawaye nake. Inna ce kaɗai idonta a bushe, ta tashi ta hura wuta ta ɗora kunu, tana cewa mai shayarwa ba ta zama da yunwa.

Tun daga ranar take zuwa. Da farko takan zo ta koma wurin danginta, daga baya Inna ta ce zirga-zirgar ta yi yawa, ta dawo gidanmu da zama. Ɗaki kam ta ƙi shiga, ta nuna mini da hannu cewa ginin ƙasa yana toshe mata numfashi, ƙarƙashin rumfa take kwana. Ba ta cin abinci a gabana sai na juya baya. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, ni kuma ko kalma ɗaya ta Buzanci ban sani ba. A hankali na koyi cewa ruwa suna ce masa aman, ɗiyata kuma tabarart take kiranta, wato yarinya. Ni ina kiranta Yaya, ta saba har tana amsawa.

Zawon ya tsaya, maɗiga ta cika, kumatu suka fara fitowa. Ina murna, Allah ya sani, amma akwai abin da ke cizona. In yarinyar ta farka ba ni take nema ba. In na ɗauke ta sai ta yi ta waige-waige, da ta hango baƙin mayafin nan sai ta miƙa hannu. Jikinta ma ya ɗauki ƙamshin matar, hayaƙi da shuni. Dariyarta ta farko bayan ciwon ba ni ta yi wa ba. Ranar na shiga ɗaki na ce wa Ubangiji, "Ba haka na roƙe ka ba."

A gari ma an yi 'yan maganganu. Wasu mata a bakin rijiya suka ce yaya Musulma za ta ba ɗiyar Kirista nono. Inna ba ta yi musu da kowa ba, ta yafa zane ta tafi wurin limamin unguwa ta tambaye shi a gaban mutane. Ta dawo ta ce mini, "Malam ya ce jinjiri jinjiri na, wanda ya cece shi ya samu lada. Magana ta ƙare." Ta kuwa ƙare.

Hatsin buhu ya ƙare, muka koma ga jar dawar rabo. Kamiyo, wato babbar motar kaya, yakan zo da sojoji a kai, a yi layi a rana, a auna wa kowane gida. Ba ta isarmu, sai muka shiga bin daji mu uku muna tsinkar anza, 'ya'yan wani icce mai ɗaci da ake jiƙawa ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Ranar da na fara dafa ta da kaina na yi gaggawa, ɗaci ya hana kowa haɗiya. Inna ta tofar tana salati, Yaya ta rufe baki da mayafi tana ƙyalƙyala dariya. Ranar na fara jin dariyarta.

Lokacin da mijina ya ce zai dawo ya wuce. Da farko matafiya suna kawo saƙon baki, an gan su wuri kaza, suna lafiya. Sai saƙo ya yanke. Wata la'asar wani jandarma ya yi sallama a ƙofa, ya cire hula ya riƙe.

"Madam, an ga motarsu can arewa ta lalace, ba kowa ciki. Ana nema. Kada ki tada hankalinki."

Na tambaye shi ko akwai rijiya kusa da wurin. Ya dubi ƙasa ya ce shi bai san wajen ba.

Daga nan addu'a ta gagare ni. Ji nake kamar ina ta sallama a ƙofar gidan da mutanensa suka yi ƙaura. Tun tafiyar mijina ban fasa shimfiɗa tabarma ranar Lahadi in yi waƙa ni kaɗai ba, amma Lahadin da ta biyo zuwan jandarman ban shimfiɗa ba. Na zauna bakin ƙofa ina kallon ƙasa.

Yaya tana shayar da yarinyar. Ta dube ni, ta dubi tabarmar da ke naɗe jikin bango, ta nuna mini ita da haɓa. Na girgiza kai. Can sai na ji tana rera wani abu a hanci. Muryar waƙarmu ce, wadda mahaifiyata ta fi so, wadda nake yawan yi. Babu kalmomi, ta kuma lanƙwasa ta irin tasu, amma ita ce. Ashe duk Lahadin nan tana saurare, har ta mai da ita abin rarrashin yarinya.

Na tsaya ina kallonta. Matar nan ta binne ɗanta a gefen hanya, dabbobinta sun mutu a gabanta ɗaya bayan ɗaya, ba ta san inda mijinta yake ba kamar yadda ban san inda nawa yake ba. Duk da haka kullum ina ganinta tana taimama ta yi sallarta, ta dawo ta ɗauki ɗiyar wata ta sa a ƙirji. Na tashi na warware tabarmar na durƙusa. Waƙa ba ta fito ba, magana ce ta fito, kuma ba da kalmomin kowa ba.

Na ce, "Ubangiji Yesu, tsoro nake ji. Ban san ko yana da rai ba. Kishin matar da ta ceci ɗiyata nake, kai ma ka sani. Ba ni da kowa nan da zai yi addu'ar nan a madadina, sai ka karɓe ta yadda take."

Na daɗe ina faɗa masa abubuwa, har da waɗanda ban san suna cikina ba. Da na gama babu abin da ya canza a tsakar gidan, rana tana nan da zafinta, mijina bai shigo ba. Amma na ji yunwa, wadda na kwana biyu ban ji ba. Na tashi na zuba dawa na ci, na ɗebo ruwa na kai wa Yaya, na zauna kusa da ita na kama ƙafar yarinyar tana shan nono.

Labarin motar ya kai Tawa. Da kamiyon rabo ya sake zuwa, a saman buhuna akwai Baba Fasto, ya naɗe kai saboda rana, ƙafafunsa sun kumbura don zama. Da na gan shi a ƙofa na durƙusa na fashe da kuka kamar mahaifina ne ya zo. Ya sha ruwa ya huta, na kwashe komai na gaya masa.

Na ce, "Baba, na roƙi nono har na gaji, bai ba ni ba."

Ya dubi yarinyar tana kwance a cinyar Yaya tana wasa da ƙafarta. "To waɗannan kumatun da me aka yi su?"

Na juya na dubi kumatun nata.

"Ɗiyata, kin roƙi nono, an kawo miki nono har gida da ƙafafunsa. Ba dai a ƙwaryar da kika miƙa aka zuba ba."

"Ai ita take so, ba ni ba."

"Yanzu ciki ne ke mata jagora, bari ta yi wayo. In ma ta so ku duka biyu, wa ya yi asara?"

Ya tashi da ƙyar ya je gaban Yaya, tsoho da furfurarsa, ya russuna ya yi mata godiya da ɗan Buzancin da ya tsinta a kasuwar Tawa. Ta ja mayafi ta rufe fuska don kunya.

Da maraice ya ce in haɗa kaya, kamiyon zai koma da safe, 'yan'uwa a Tawa sun gyara mini ɗaki. A da da gudu zan bi shi. Sai na ji bakina yana cewa, "Baba, ba zan tafi ba. Abincin yarinya nan yake, Yaya kuma ba za ta bar danginta ta bi ni birni ba. In maigidana yana da rai, nan zai fara nemana."

Ya ce, "Wa zai riƙe ki?"

"Wanda ya riƙe ni har yau."

Inna daga bayan darni ta ce, "Ku bar mani ita, Malam. Ba ta iya dahwa anza ba, amma tana koyo."

Baba ya yi dariya har da tari. Kafin ya tafi ya ba ni jibin Ubangiji ƙarƙashin rumfa da ɗan busasshen burodin da ya zo da shi, ya bar mini sukari da sabulun da matan majami'a suka aiko.

Bazara ta shigo da zafinta. Na fara bin Yaya zuwa bukkokin danginta. Yara da yawa idanunsu sun like da kwantsa, tsofaffi da gyambo a ƙafa. Nakan tafasa ruwa da gishiri in wanke, in yayyaga tsohon zane in ɗaure. Ba su ɗauke ni baƙuwa mai taimako ba, uwar tabarart suke kirana, su ja ni in zauna, su ba ni duk abin da ke bakin wuta. Wasu sun warke, wasu mun rasa su. Nakan dawo gida in gaya wa Ubangiji sunayensu ɗaya bayan ɗaya, in ƙara da na mijina.

Wata rana da hantsi muna daka ni da Inna, sai muka ji kukan raƙumi a ƙofar gida. Wani dattijo Buzu ya durƙusar da shi, ya taimaki wani mutum ya sauko. Mutumin yana sanye da rawani da shuɗiyar riga irin tasu, ƙashi da fata, idanunsa sun yi rawaya. Na ɗauka mara lafiya aka kawo neman magani. Na jingine taɓarya na ce, "Sannunku da hanya. Likitan ba ya nan."

Mara lafiyar ya ce, "Yana nan."

Muryar na gane, ta mijina ce. Na zame na zauna a ƙasa gefen turmi. Inna ta saki guɗa, maƙwabta suka cika gidan. Ni dai na kama bakin rigarsa na riƙe, ba na iya cewa komai sai na gode, na gode, ban ma san ko shi nake gaya wa ko dattijon ko Ubangiji ba.

Daga baya ya ba ni labari. Da motar ta lalace, shi da direba suka taka da ƙafa har suka faɗa wani zangon makiyaya, nan ciwon shawara ya kwantar da shi. Dattijon ya gane shi, don ya taɓa yi wa shanunsa allura. Suka ɗora shi a raƙumi suna yawo da shi daga rijiya zuwa rijiya, shi ya sa masu nema ba su same su ba. Direban ya ƙi barinsa har sai da ya iya zama da kansa.

Ya ce a kawo masa ɗiyarsa. Yaya ta miƙa masa ita, yarinyar ta dubi baƙon mutumin nan ta tsala kuka ta koma ƙirjinta. Ya dube ni da tambaya a fuskarsa. Na ce, "Wannan Yaya ce. Nonona ya ƙafe bayan tafiyarka. Ita ta shayar da ita." Ya sa hannu biyu ya rufe fuska, ya daɗe bai buɗe ba.

Ya jima kafin ya murmure. Lahadin farko na shimfiɗa tabarma, ya kasa zama sai a jingine, idonsa ba ya ganin rubutu sosai. Ya ce in yi mana addu'a. Na yi yadda na saba yanzu, kamar mai magana da na gida. Da na ce amin na tarar yana kallona.

"Yaushe kika koyi wannan?"

Na ce, "Da ba ka nan."

Damina ta gaba ta zo da gaske. Ruwan farko da la'asar ya sauka, Inna ta fita tsakar gida ta tsaya a cikinsa da zanenta, ta ƙi shiga ɗaki duk kiran da muka yi mata. Kwana kaɗan ƙasar da na ɗauka ta mutu har abada ta yi kore. Mijin Yaya ya dawo daga kudu da raƙumi ɗaya da 'yan awaki. Ba ta bi shi nan da nan ba, ta ce sai tabarart ta saba da kunu. Sai da ciyawa ta cika, awaki suka fara ba da nono, yarinyar tana tsayuwa jikin bango, sannan ta ɗaure kayanta.

Mijina ya samo akuya mai ciki ya kawo mata. Ta ɓata rai ta juya baya, tana tsammanin biyanta ake. Inna ta ce mata, "Ke, ba ladan nono ba na, wa ka iya biyan shi? Ƙanwa ta ta ba yayarta." Sai ta karɓi igiyar.

A lokacin Hausarta ta ɗan nuna. Ta ɗauki yarinyar ta shinshina wuyanta, ta miƙo mini ita ta ce, "In na haihi namiji, shi da tabarart babu aure. Ƙanenta na. Ki gaya mata."

Na ce, "Zan gaya mata, Yaya."

Na kuwa gaya mata da ta yi wayo, har yau in ana lissafin dangi takan ce tana da wasu a arewa.

Bayan tafiyar Yaya yarinyar ta yi kwanaki tana rigima, takan rarrafa zuwa ƙarƙashin rumfa tana dube-dube. Ban ji haushi ba, ni ma nan nake dubawa. Sai in goya ta in bi Inna gona, ita tana gaba tana mita wai ban iya riƙe hauya ba, yarinyar ta yi barci a bayana, kumatunta manne da wuyana. Hatsi ya yi kyau a shekarar. Da kaka wani mai zuwa kasuwa daga arewa ya yi sallama a ƙofarmu, ya miƙo mini cuku naɗe cikin tsumma, ya ce matar da ta aiko shi tana gaida tabarart da uwarta da Inna, kuma akuyar ta haifi biyu.